A Daina Yi Wa Masu Saita Agogon Intanet Kuɗin Goro

Akwai matsaloli uku da kusan duk mai wayar zamani ya taɓa cin karo da ɗaya daga cikinsu. Manhajar WhatsApp ta ƙi buɗewa, ta ce kwanan watan wayarka ba daidai yake ba. Chrome ya ƙi shiga shafi, ya ce agogonka ya yi gaba ko ya yi baya. Ko kuma ka kwafo lambobi shida daga Google Authenticator, ka zuba su yadda suke, a ce maka ba su ba ne. Abin da yawancinmu ke yi a nan shi ne mu zagi kamfanin layi, mu kashe data mu kunna, mu cire sim mu mayar. An bar jaki ana dukan taiki, domin laifin na agogo ne.

Idan agogon waya ɗaya ya kauce, mutum ɗaya ne ke shan wahala. Idan na saba ya kauce, wato manyan kwamfutocin nan da ke riƙe da manhajojin banki da shafukan intanet, dubban mutane ne za su kwana suna kunna data suna kashewa. Ra'ayina a wannan rubutu ɗaya ne: duk injin da ke gudanar da manhajar saita lokaci fiye da ɗaya, wajibi ne a sa wa kowacce ido ita kaɗai, da ma'auninta da ƙararrawarta. Koren haske guda da ke cewa "lokaci lafiya lau" yaudara ce. Kada ka ce wannan magana ce ta injiniyoyi. Kafin mu kai ƙarshe za ka ga inda ta taɓa aljihunka.

Daga ina wayarka ke samun lokaci?

A cikin wayarka akwai wani ɗan mitsitsin dutse mai kaɗawa idan lantarki ya ratsa shi. Irin wanda aka fi sa wa agogo yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, kuma ƙidayar wannan kaɗawa ce ke zama lokaci. Sai dai ba dutsen da ba ya kuskure. Wanda ke kaucewa da kashi 20 cikin miliyan, abin da ba a ɗauka aibu ba a kayan kasuwa, zai yi gaba ko baya da kusan daƙiƙa 1.7 kowace rana. A wata guda ya doshi minti ɗaya. Zafi da sanyi kuma suna sauya saurinsa, don haka wayar da ta yini a rana ba daidai take tafiya da wadda ta yini a ɗaki mai sanyi ba.

Saboda haka waya ba ta dogara da kanta. Tana tambaya. Wani lokaci ƙarfen sabis na kamfanin layi ne ke gaya mata lokaci, ta tsarin da ake kira NITZ. Wani lokaci kuma ta intanet take tambaya, ta tsarin NTP. Wayoyin Android kan tambayi time.android.com, na iPhone kuma time.apple.com. Daga Android 12 ma an fifita amsar NTP a kan ta ƙarfen sabis.

Shi wannan NTP ɗin tsoho ne ƙwarai a shekarun intanet. Wani malamin kwamfuta ɗan Amurka, David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware, shi ya fitar da shi a 1985, kuma ya rasu a watan Janairun 2024 duniya na ci gaba da amfani da aikinsa. Tsarin hawa-hawa ne. A can sama akwai agogon atom da na'urorin karɓar lokaci daga taurarin GPS. Sabar da ke jone da su kai tsaye ita ce hawa na 1. Wadda ta ji daga gare ta hawa na 2, haka har zuwa 15. Idan saba ta ce tana hawa na 16, ma'anarta ba ta san lokaci ba, kada a saurare ta.

Abin da ya fi burge ni a aikin Mills shi ne bai yarda da kowa ba. Ya gina NTP a kan zaton cewa wasu daga cikin masu ba da lokaci za su faɗi ba daidai ba. Manhajar kan tambayi majiyoyi da dama, ta auna amsoshinsu, ta ware wanda ya saɓa wa jama'a. Shi ya sa takardar shawara mai lamba 8633 da ƙungiyar IETF ta fitar a 2019 ta ce a yi amfani da majiya huɗu ko fiye. Lissafin a fili yake. Shaida ɗaya ba ka da abin gwada shi. Biyu idan suka saɓa ba ka san mai gaskiya ba. Uku za ka bi masu rinjaye, amma da zarar ɗaya ya faɗi ka koma biyu. Huɗu ne ke ba ka sararin rasa ɗaya ba tare da ka makance ba.

Me zai sa inji ɗaya ya gudanar da su da yawa?

A kwamfutar gida manhajar saita lokaci ɗaya ta isa. A manyan sabobi masu Linux lamarin ya sha bamban, kuma dalilan ba na gayu ba ne.

Na farko yawan masu tambaya. Manhajar chrony, wadda kamfanin Facebook ya bayyana a 2020 cewa ya koma kanta ya bar tsohuwar ntpd, kowane kwafinta reshe ɗaya na ƙwaƙwalwar inji yake amfani da shi. Sabar da miliyoyin na'urori ke tambaya lokaci, mai ita kan tayar da kwafi da yawa domin a raba musu aikin amsawa.

Na biyu raba aiki. Kwafi ɗaya ne ke da izinin taɓa agogon injin. Sauran 'yan kallo ne: kowanne na bin wata majiya daban, yana faɗin tazarar da ke tsakanin agogon injin da abin da majiyarsa ta ce.

Na uku, ba duk lokaci ne iri ɗaya ba. Saboda juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atom, tun 1972 an ƙara daƙiƙa guda har sau 27 a lokacin duniya na UTC. Ta ƙarshe an ƙara ta ranar 31 ga Disamba 2016, wadda a agogon Kano da Zinder ta faɗo gab da ƙarfe ɗayan dare na sabuwar shekara. Kamfanin Google ba ya cusa wannan daƙiƙa a tashi ɗaya. Yana shafa ta a hankali cikin awa 24, ta yadda a tsakiyar shafawar agogonsa kan bambanta da na sauran duniya da rabin daƙiƙa. Wanda ke son bin duka biyun dole ya raba musu manhaja, domin cakuɗa su a kwafi ɗaya rikita shi zai yi.

Na huɗu, akwai wuraren da NTP bai isa ba, sai an haɗa da tsarin PTP mai auna lokaci da kashi cikin miliyan na daƙiƙa. A nan za ka tarar da ptp4l da phc2sys da chronyd duk suna aiki a inji ɗaya, kowanne da abin da yake kula da shi.

Inda koren haske ke yaudara

Yanzu ga matsalar. Hanya mafi sauƙi ta sa ido ita ce a tambayi inji: akwai manhaja mai suna chronyd da ke aiki? Idan ya ce akwai, allo ya nuna kore. Wannan tambaya tana da ɗan amfani a injin da ke da kwafi ɗaya. A injin da ke da huɗu ba ta da shi, domin ko uku sun mutu, na huɗun zai amsa sunan, allo ya ci gaba da nuna kore.

Ka ɗauka kamar maigidan da ya ɗauki masu gadi huɗu, ɗaya a kowace ƙofa. Kullum dare sai ya leƙo ta taga ya ce "Mai gadi!" Da ya ji an ce "Na'am" sai ya koma barci. Bai san wanne ne ya amsa ba. Bai san ko ƙofar baya wata uku ke nan ba kowa a wajen ba.

Mafi munin lamarin shi ne idan wanda ya mutu shi ne mai izinin taɓa agogo. Sauran kwafin za su ci gaba da amsa wa jama'a cikin fara'a, suna raba lokacin da ba wanda ke gyara shi. Ba abin da zai fashe a ranar. Agogon zai riƙa zamewa da daƙiƙa ɗaya ko biyu kullum, ba mai ji ba mai gani. Bayan mako biyu ko uku tazarar ta kai rabin minti, sai lambobin shiga asusu su fara ƙin karɓuwa jefi-jefi. A injunan da ke tantance ma'aikata da tsarin Kerberos, iyakar uzurin da aka saba sawa minti 5 ce. Ranar da aka haura ta, kowa sai ya tsaya a waje. Kafin nan kuma duk rajistar da injin ya rubuta a makonnin da suka wuce tana ɗauke da lokacin da ba shi ba ne.

Akwai yaudara ta biyu, wato matsakaicin lissafi. Wasu kan tattara tazarar duk kwafin su raba, su nuna lamba ɗaya. Idan ɗaya ya yi gaba da daƙiƙa biyu, wani ya yi baya da daƙiƙa biyu, lissafi zai ba da sifili. Allo zai ce ba a taɓa samun daidaito irin na yau ba, alhali gida ya kama da wuta ta fuska biyu.

Don haka tambayoyi uku ne, kuma kowane kwafi sai ya amsa su da bakinsa. Kana raye? Kana jin majiyoyinka? Abin da kake faɗa gaskiya ne? Amsa ta farko ba ta wadatar da ta biyu, ta biyu ba ta wadatar da ta uku.

Manya ma sun taɓa faɗin ba daidai ba

Wani zai ce, to ai sai a zaɓi majiya mai daraja a huta. Tarihi bai goyi bayan wannan ba.

Ranar 19 ga Nuwamba 2012, sabobin lokaci na cibiyar nazarin taurari ta rundunar sojan ruwan Amurka, waɗanda duniya ke ɗauka a matsayin ƙarshen magana, suka shiga sanar da cewa shekarar 2000 ake ciki. Injunan da suka dogara da su kaɗai, kuma ba a sa musu iyakar tsalle ba, suka koma baya da shekara 12. Sabobin suna raye, suna amsawa da sauri, amsar ce kawai ba daidai ba.

Ranar 26 ga Janairu 2016, yayin da ake sallamar wani tsohon tauraron GPS daga aiki, aka loda wa wasu taurarin bayanin da ya sa lokacin da suke watsawa ya kauce da kashi 13 cikin miliyan na daƙiƙa. Mai neman hanya da taswirar waya bai ga komai ba. Amma na'urorin kamfanonin sadarwa sun yi ta kuka na tsawon sa'o'i, kuma rediyon dijital na BBC a Birtaniya ya samu tangarɗa.

A daren shiga 2017, waccan daƙiƙar ƙari ta sa wata manhajar kamfanin Cloudflare ta lissafa tazarar lokaci ta samu lamba ƙasa da sifili, abin da masu rubuta ta ba su zaci zai yiwu ba. Wani ɓangare na masu neman shafukan da ke bi ta kamfanin suka kasa samu.

A 2021 kuma aka gano kuskure a manhajar GPSD, wadda sabobin lokaci da yawa ke amfani da ita wajen karanta na'urar GPS. Duk wanda bai sabunta ta ba kafin 24 ga Oktoba na shekarar, agogonsa zai koma baya da mako 1,024, ya faɗa watan Maris na 2002.

Dubi abin da ya haɗa waɗannan. Ba wanda tambayar "manhaja na aiki?" za ta kama. Abin da ke kama irinsu shi ne majiya ta biyu mai zaman kanta, wadda ake karanta amsarta daban, a ga ta saɓa wa ta farko.

Yadda ake yi a aikace

Ga matasan da ke koyon Linux ko ke kula da saba a wurin aiki, abin bai kai wahalar da ake zato ba. Bari mu ɗauki chrony.

Kowane kwafi a ba shi fayil ɗin saiti nasa. A ciki a ba shi pidfile nasa, wato inda yake rubuta lambar shaidarsa, da driftfile nasa, inda yake ajiye abin da ya koya game da saurin dutsen injin. Sannan a ba shi ƙofar umarni tasa. NTP na amsa wa jama'a ta ƙofa mai lamba 123, amma chrony na karɓar tambayar mai kula da shi ta ƙofa 323. Sai ka bar wa na farko 323, ka ba na biyu wata lamba da cmdport, na uku wata. Da haka idan ka buga chronyc tare da -p da lambar ƙofa, ka san wanda kake magana da shi.

Duk kwafin da ba shi ne mai saita agogo ba, a tayar da shi da -x. Wannan alama na hana shi taɓa agogon injin, amma zai ci gaba da aunawa yana ba da rahoto. A kuma yi wa kowanne rajista daban a systemd, domin idan ɗaya ya faɗi a san sunansa.

Daga nan sai tambayoyi. Umarnin chronyc tracking zai nuna maka hawan da kwafin yake, tazararsa da lokacin gaskiya, da lokacin da ya yi gyara na ƙarshe. Wannan na ƙarshen a kula da shi sosai, domin kwafin da ya daina jin majiyarsa tun jiya zai iya ci gaba da nuna tazara 'yar ƙarama, tsohon labari yake maimaitawa. Umarnin chronyc sources kuma zai jero majiyoyin: tauraro a gaban wadda aka zaɓa, harafin x a gaban wadda aka kama da saɓa wa jama'a, alamar tambaya a gaban wadda ba a amfani da ita, galibi don ba a jin ta. Lamba 377 a layin majiya na nufin tambayoyi takwas na ƙarshe duk an amsa su.

Kowane kwafi ya samu layinsa a allon sa ido da iyakarsa. Sannan a ƙara ƙararrawa ɗaya ta musamman: idan kwafi biyu suka saɓa wa juna fiye da kima, a tashi mutum.

Sai gargaɗi biyu. Majiya huɗu da duk daga GPS suke ji, shaida ɗaya ne ya sa riga huɗu. A gauraya: wata daga GPS, wata daga cibiyar da ke da agogon atom nata, wata daga wani kamfani daban. Na biyu, duk kwafin da ke inji ɗaya dutse ɗaya suke amfani da shi, layin intanet ɗaya, wutar lantarki ɗaya. Dole a samu wani inji a waje da zai riƙa tambayar wannan lokaci kamar yadda baƙo zai tambaya.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Haka rumbun pool.ntp.org ke aiki, wanda 'yan sa-kai ke ba da sabobinsu kyauta tun 2003. Ana gwada kowace saba ita kaɗai daga waje, ana ba ta maki da bai wuce 20 ba. Wadda makinta ya faɗi ƙasa da 10 a daina tura mata jama'a har sai ta gyaru. Ba a taɓa cewa tunda yawancin sabobin ƙasa kaza lafiya suke, a bar gurguwar ta ci albarkacinsu.

Masu cewa an cika son wahala

Akwai hujjoji a ɗaya ɓangaren, kuma ba na banza ba ne.

Ta farko: ƙararrawa ta yi yawa. Wanda wayarsa ke ƙara sau talatin a dare saboda tazarar da ba ta kai ta kawo ba, zai kashe sautin, ranar da ta gaske ta zo yana barci. Wannan gaskiya ne, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Amma maganinsa a tsara iyaka da hankali. Mutuwar ɗan kallo ɗaya saƙo ne da zai jira safiya. Mutuwar mai saita agogo, ko saɓani tsakanin majiyoyi, shi ne na tashin dare. Ba za ka iya wannan bambancewa ba sai ka san waye waye, wato sai ka sa musu ido ɗaya bayan ɗaya.

Ta biyu: yawan manhajojin lokaci a inji ɗaya shi kansa haɗari ne. Wannan ma gaskiya ne idan aka bar biyu suna jan agogo ɗaya, wannan ya tura gaba, wancan ya ja baya. Sau da yawa hakan na faruwa ba da niyya ba, misali a girka ntpd a manta systemd-timesyncd na kunne. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Sai dai wannan hujja tawa take ƙarfafawa, domin mai tambayar "akwai mai saita lokaci?" ba zai taɓa gano cewa sun zama biyu ba.

Ta uku: ai NTP da kansa yana tace majiyoyi, me ya sa za a sake? Domin yana tacewa ne a ɓoye. Idan majiya huɗu suka koma uku, suka koma biyu, manhajar ba za ta yi ihu ba, za ta ci gaba da aiki da abin da ya rage. Kariyar da kake taƙama da ita tana iya ƙarewa watanni kafin ranar da za ka buƙace ta.

Inda na yarda da su shi ne, mai shagon kwamfuta biyar ko mai ƙaramin shafi ba ya buƙatar kwafi huɗu. Kwafi ɗaya mai majiya huɗu ya ishe shi. Magana ta ga wanda ya riga ya tayar da da yawa ce: tunda ka ɗauki masu gadi huɗu, ka san sunan kowanne.

To, ina ruwan mai waya?

Ruwanka ya fi na kowa. Lambobin Google Authenticator ana haɗa su ne daga wani sirri da kuma lokaci, suna sauyawa duk daƙiƙa 30. Wayarka da sabar ba sa magana da juna a kan lambar, kowacce lissafinta take yi da agogonta. Yawancin sabobi kan yi uzurin lamba ɗaya gaba ko baya, daga nan sai ƙi. Takardar shaidar da ke sa burauza ta yarda da shafin banki tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma da agogonka ake duba su. Idan kuɗi suka maƙale tsakanin mai POS da banki, rajistar lokaci ta kowane ɓangare ake jerawa a gano abin da ya riga wani. Agogo biyu da suka saɓa na iya sa a rasa wanda za a kama.

Hatta 5G da MTN ya fara a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, a kan lokaci yake tsaye. A zangon 3.5 GHz ƙarafan sabis na aikawa da saurare ne bi da bi a mita ɗaya, kuma ƙa'ida ita ce kada ƙarfe ya kauce fiye da kashi 1.5 cikin miliyan na daƙiƙa. Wanda ya kauce zai riƙa magana lokacin da maƙwabcinsa ke saurare, kai kuma ka ga sandunan sabis cike amma bidiyo na tsayawa.

A wayarka ma za ka iya aiki da wannan darasi. Lokaci da yankin lokaci abu biyu ne, kowanne da maɓallinsa a sashen kwanan wata na saiti, kuma kowanne sai an duba shi daban. Ka ɗauki wayar da aka kawo daga Dubai, yankinta na nan a Dubai, mai ita ya juya agogo da hannu har ya nuna ƙarfe 12 na Kano. A ido daidai ne. A cikin wayar kuwa, tunda Dubai na gaban Najeriya da awa uku, lissafinta na UTC ya koma baya da awa uku cur, kuma da shi manhajoji ke aiki. Wayar da aka bari a yankin Landan ta fi wayo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinta ɗaya da na Najeriya da Nijar, sai ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ta ja baya da awa guda, ƙararrawar asuba ta makara. Haka mai tafiya daga Kano zuwa Kumasi ya tuna Ghana na bayanmu da awa ɗaya, Sudan kuma na gabanmu da awa ɗaya.

Saboda haka ka kunna saitin lokaci na kai tsaye, ka tabbatar yankin lokacinka na inda kake ne. Bayan haka kada ka tsaya a kan shaidar wayar. Buɗe shafin time.is, zai gaya maka tazarar agogonka da na gaskiya. Wannan shi ne naka mai duba daga waje. Masu ja da agogo baya don ƙarin rai a wasan waya kuma su sani, da agogon nan manhajar bankinsu ke aiki.

Ga masu shirin shiga aikin kula da sabobi, wannan na cikin abubuwan da ke bambanta wanda ya iya girka manhaja da wanda za a iya bar wa amana. Duk ranar da aka nuna maka allo mai koren haske ɗaya a kan lokaci, ka tambaya: kwafi nawa ne a bayansa, wanne ne ke taɓa agogo, kuma yaushe kowannensu ya ji daga majiyarsa? Idan ba mai amsa, ka san aikin da za ka fara da shi gobe da safe.